Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu Kan Gidan Carter da Yaƙin Franklin

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi masu daraja. Kamar yadda babban taronmu na bara ya amince, kwamitin zartarwa ya keɓe wannan shekara ga nazarin gini guda ɗaya tak, wato gidan Carter da ke kudancin garin Franklin a jihar Tenesi ta Amurka, maimakon mu ci gaba da taɓa gine-gine da yawa sama-sama kamar yadda muka saba. Ga bayanin abin da aka yi da kuma abin da ya rage.

Zaman farko-farko sun tafi ne kan tsarin ginin. Fountain Branch Carter ya gina gidan a 1830 da jan bulo, hawa ɗaya da rabi, a bakin hanyar da ta nufi garin Columbia, lokacin da wurin gonaki ne zalla. Fuskarsa tana da daidaito irin na gidajen wancan zamani, ƙofa a tsakiya, tagogi dama da hagu. Abin da ya fi jan hankalin mambobinmu masu sana'ar gini shi ne bangayen gefe biyu, waɗanda suka zarce rufin suka hau kamar matakalar bene har zuwa ƙololuwa, tsarin da ba a cika ganinsa a gidajen gona na yankin ba. A bayansa akwai ƙananan gine-gine, ciki har da ɗakin bandar nama na bulo da ofishin gona na katako, kuma su ne suka zama ginshiƙin nazarinmu daga baya.

A zango na biyu mun shiga tarihin ranar 30 ga Nuwamba, 1864, ranar da aka gwabza Yaƙin Franklin a lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin Tarayya (jihohin Arewa) da jihohin Kudu masu neman ɓallewa. Tun kafin gari ya waye, Janar Jacob Cox na rundunar Tarayya ya mai da falon gidan hedikwatarsa, sojojinsa kuma suka haƙa ramukan tsaro 'yan taku kaɗan kudu da tsakar gidan, layin ya bi ta kusa da injin gurzar audugar iyalin. Da misalin ƙarfe 4 na yamma Janar John Bell Hood ya turo dakarun Kudu gaba da gaba, suka fasa layin a daidai hanyar, har sai da rundunar Kanar Emerson Opdycke ta tare su a farfajiyar gidan, inda aka yi ta ba-ta-kashi hannu da hannu. An shafe kusan sa'o'i 5 ana gwabzawa, akasari cikin duhu, iyalin Carter da maƙwabtansu, iyalin Lotz, suna ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kudu ta yi asarar mutum sama da 6,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, da janar-janar 6 da suka mutu a filin ko sakamakon raunukansu, cikinsu har da Patrick Cleburne. Washegari aka tsinci ɗan mai gidan, Kyaftin Tod Carter na rundunar Kudu, kwance da rauni kusa da gidan da aka haife shi, aka shigo da shi ciki, ya cika ranar 2 ga Disamba yana da shekara 24.

Ziyarar da tawagarmu ta kai ita ce ta sauya yadda muke kallon al'amarin. Gine-ginen wurin suna ɗauke da tabon harsashi fiye da 1,000, kuma kowane irin bango da yadda ya karɓi nasa: katakon ofishin gona ya huje har haske na ratsowa ta ramukan, bulon ɗakin banda kuwa ya farfashe ne daga waje ya tsaya da ƙafarsa. Yawan tabon a ɓangaren kudu yana nuna inda wuta ta fito ba tare da an buɗe littafi ba. A ganin kwamiti, wannan ya isa hujjar cewa duk gyaran da zai toshe irin waɗannan ramuka ɓarna ce, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma mun rubuta matsayinmu a kan haka cikin kundin ƙungiya.

Akwai inda muka gaza, kuma wajibi ne a faɗa. Bayi ne suka noma wannan gona kafin yaƙin, amma zama ɗaya kacal muka ba su, shi ma a gurguje, alhali labarin janar-janar ya cinye mana watanni. Wasu mambobi sun yi ƙorafi a kan haka, kuma gaskiyarsu ce. Haka nan ɗan littafin Hausa da muka yi alkawari bai kammala ba. An gama babin gini da na yaƙi, saura na tarihin adana gidan, tun daga sayensa da jihar Tenesi ta yi a 1951 zuwa buɗe shi ga jama'a a 1953.

Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi daban. Kwamiti na neman amincewar wannan taro a kan abu biyu: a ware zangon farko na baɗi kacokan ga rayuwar bayin gonar Carter, a kuma naɗa mutum 3 da za su kammala littafin kafin babban taro mai zuwa.