Malam Edita, da kuɗinmu ma sai an wulaƙanta mu?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da aiki kai da sauran ma'aikatanka, Allah Ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don uwargida ta ce ta gaji da jin mitata kullum bayan isha'i, wai in je in gaya wa jarida ko za ta samu ta yi barci. To ga ni na zo.

Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, a nan aka yanke cibiyata, kuma mahaifina Allah Ya jiƙansa cinikin goro ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ina yaro nakan zauna kusa da shi in ga yadda yake yi da mai saye. Mutum zai zo, kafin a taɓa huhun goro sai an ba shi wurin zama, an tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, a ɓare goro ɗaya a miƙa masa ya ɗanɗana. In ya taya da araha Baba ba ya tsaki, murmushi zai yi ya ce albarka, a ci gaba da ja har a daidaita, in an gama kuma ya ɗora masa gyara. Wanda bai saya ba ma sai an raka shi da Allah Ya kai mu wani jiƙon. Kuma fa ba wai Baba yana da kuɗi ba ne, wata rana har la'asar bai yi cinikin kirki ba, amma ban taɓa ganin ya huce a kan wanda ya zo saye ba.

Yanzu bari in ba ka labarin safiyar Talatar da ta wuce. Na je layin wake da shinkafa, wannan da Tonawa, wato Asante, suka ari sunansa daga bakinmu suke ce masa waakye, wajen wata Hajiya da ba zan faɗi inda take ba. Mun kai mu goma sha a tsaye tun wajen ƙarfe shida da rabi, a gabana akwai wata 'yar makaranta da yunifom ɗinta da sidi 5 a dunƙule a hannu, sai faman cewa take Hajiya don Allah zan makara, ko kallon inda take ba a yi ba. Can sai ga wani ya faka mota a bakin gota, ko fitowa bai yi ba, gilas kawai ya sauke ya danna hon ya ce Hajiya a sa mini na sidi 60, da taliya da gari da ganda da ƙwai biyu, a cika shito, wato baƙar miyar yajin nan. Wallahi Malam Edita ka ga yadda fuskar matar nan ta washe, wadda tun da na zo take a murtuke kamar an aiko mata da saƙon mutuwa, nan take ta ajiye ganyen da ta ɗauko don wani, ta hau zuba wa mai mota tana Alhaji ina kwana, ya su Hajiya. Da na ce haba Hajiya, ai yarinyar nan ta riga shi, ko don makaranta a sallame ta mana, sai ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba, Baba in kana sauri ga masu wake can gaba. Shi ke nan amsar. Yarinyar ta juya ta tafi da kuɗinta a hannu, ban sani ba ko ta ci wani abu ranar kafin tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar nan ta iya fara'a, na gani da idona. Ashe ajiye ta take yi sai mai mota ya zo.

Daga nan na shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa kasuwar Kejetia. Kowa ya san halin meti, wato kwandasta, da canji, amma ranar abin ya kai ni bango. Na ba shi sidi 20 tun muna tashi, ya ce Baba ina zuwa, muka wuce tasha ɗaya, biyu, na tuna masa ya yi kamar bai ji ba yana ta leƙa waje yana kiran Kejetia Kejetia, sai da muka iso kowa na sauka ya zaro takardar sidi 10 da wasu 'yan tsaba ya miƙa mini ya nuna wata mata Batoniya da kwandonta ya ce ku raba, mota ta ja. To ga ni tsaye da matar mutane, ni ban san ta ba ita ba ta san ni ba, meti ya ɗaura mana auren canji ba waliyyi ba shaidu. Haka muka dinga zagaye muna neman mai fasa mana, kowa ya ce babu, ƙarshe sai da na sayi piya wata biyu da ba na jin ƙishinsa. Ita dai dariya ta dinga yi tana ce mini medaase, wato na gode, ni kuwa na makara buɗe shago. Kuma wai don ma ban ba shi takardar 200 ba, wadda tun da aka fito da ita a 2019 in ka miƙa wa meti da safe kamar ka zagi uwarsa ne.

Na san za a ce meti ma mutum ne, tun ƙarfe huɗu na asuba yake a ƙofar mota, ga mai mota na jiran kuɗinsa na yini, ga tsadar mai, ita ma Hajiya mai wake tun tsakar dare take gaban murhu hayaƙi na cin idonta. Duk na yarda, ni ma ɗan kasuwa ne na san zafin nema. Amma yi haƙuri nawa ake sayar da ita? In da meti ya ce Baba yi haƙuri canji ya yanke mini, wallahi da na bar masa ma. Maƙwabtanmu Tonawa, duk abin da za a ce a kansu, yaro ƙarami ba zai yi maka magana ba sai ya fara da mepaakyew, wato don Allah, har ya zame musu jiki. Mu da muke taƙama da cewa gaisuwa tamu ce, mu ne muka san ina kwana ina gajiya ya iyali ya ƙoƙari, yanzu ka yi sallama a bakin shago yaro yana danna waya sai ya ɗaga maka gira, wai nan ya amsa.

Na ofis kuwa ba a magana. Lokacin da aka tilasta wa kowa ya haɗa layin wayarsa da Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, a 2022 ke nan, na fita daga sallar asuba kai tsaye na je na kama layi, rana ta fito ta same mu, tsofaffi har da masu sanda suna zaune a kan dakali, muna kallo ana shigar da wasu ta ƙofar baya wai su furotokol ne. Da aka zo kaina wajen azahar sai yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce sistem ya faɗi, je ka dawo gobe, tana faɗa tana kallon wayarta tana dariya da wani abu da take gani a ciki. Kwana uku na yi ina wannan sintiri. To na'ura takan lalace, wannan ba laifin kowa ba ne, amma me zai hana mutum ɗaya ya fito tun da hantsi ya ce jama'a ku yi haƙuri yau ba zai yiwu ba, kowa ya kama gabansa? A'a, sai an bar ka ka soyu tukuna.

Akwai kuma wani banki a Adum da nake zuwa, na gwada su sau biyu da gangan. Ranar da na je da 'yar shat da silifas daga shago, mai gadi ma da baki ya nuna mini layi, na yi awa ɗaya da rabi kanta huɗu amma mutum ɗaya ke aiki. Ranar Juma'a na dawo da babbar riga da hula da ƙamshin turare, kuɗin nan dai nawa ne bai ƙaru da ko pesewa ɗaya ba, sai ga shi ana Alhaji bismillah ga kujera. Tun daga ranar na gane rigata ake gaisarwa, har na ce wa uwargida nan gaba rigar zan dinga aikawa ita kaɗai ta ciro mini kuɗin.

Masu momo, wato masu turawa da cire kuɗi ta waya, su ma, ka tsaya a gaban kiyos kana magana yana hira da abokinsa kan wasan ƙwallon Kotoko, in ya ga kuɗin da za ka cire kaɗan ne ya ce babu netwok, na bayanka ya zo da babban kuɗi netwok ya dawo. Da can kowane ɓacin rai a ɗora wa e-levy, harajin tura kuɗi ta waya, to an soke shi a 2025, halin bai sake ba.

Tela kuma na bar shi da Allah. Tun kafin azumi na kai masa yadin yara uku, ya karɓi rabin kuɗi ya ce goma ga wata ka zo, daren sallah ina zaune a shagonsa har ƙarfe biyu yana ɗinkin wani da ya kawo jiya, ƙaramin ɗana da tsohuwar riga ya je idi. Da na yi magana wai ni ba ni da haƙuri.

Amma kar a ce masu saye da sayarwa kawai na sa wa ido, mu kanmu a cikin zango yaya muke yi da juna? Mutum zai yi suna ko biki ya kafa kanofi a tsakiyar titi tun daren Juma'a, ya jera kujeru ya toshe hanya gaba ɗaya, ba sanarwa ba neman izinin maƙwabta, mai pragya da mai aboboya, wato masu keke mai ƙafa uku na mutane da na kaya, su yi ta zagaye lungu, in mace na naƙuda ko an ɗauko mara lafiya sai dai a san yadda za a yi. Ga sifika kamar ɗaki har huɗu an jibge a gindin tagar mutane ana ta ɗirka kiɗa har ƙarfe biyun dare, ka fito ka ce don Allah a rage akwai tsohuwa ba ta da lafiya, a ce kai ɗan baƙin ciki ne ba ka son ganin ana farin ciki. A Ankara, babban birnin Ghana, kowace shekara kafin bikin Homowo sarakunan Ankarawa kan hana kiɗa da hayaniya kusan wata guda, ni dai da za a ara mana ko na mako ɗaya ne a Aboabo da Asawase da na yi sadaka. Sai kuma masu jiran hadari, da an fara yayyafi su fito da bolar gidansu su juye a gota wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Gidan na ƙasa da kai zai kai ta, mu da muke kusa da rafin Aboabo mun san abin da muke kwashewa daga ɗakunanmu duk damina, ledar piya wata da famfas ɗin yaran wasu. Ga na trotro mai sauraron saƙon murya a bainar jama'a, duk mota sai mun ji rigimar gadon gidansu daga farko har ƙarshe, ga mai faka mota a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya tare mutum biyar shi kuma ya tsaya dogon zikiri.

To don kar in zama mai wa'azin da bai duba kansa ba, ni ma an kama ni. Ina da ɗan shagon yadi wajen Alabar, watannin baya wata tsohuwa ta shigo tana tambayar atamfa, ni kuma ina waya da wani da nake bi bashi rai a ɓace, na ɗaga mata hannu wai ta jira. Ta jira, ta ƙara jira, na ma manta da ita wallahi, sai ji na yi ta ce to ɗana Allah Ya ba da kasuwa, ta fita a hankali. Ba zagi ba tsaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bi ta waje ban gan ta ba, ta shige cikin mutane, kuma a garin da sabuwar kasuwar Kejetia kaɗai ke da shaguna sama da 8,000 me zai dawo da ita wurina? Ranar na tuna Baba da goronsa da yake ɓarewa ya miƙa wa baƙo, kunya ta kama ni ni kaɗai a shago. Tun daga nan na kafa wa yaron shagona doka, ni ma na shiga ciki, in mutum ya shigo a kife waya a amsa sallama da baki. Yaron yana ganin takura ce, jiya ma sai da na ƙwace wayar na sa a aljihu.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura ɗaya daga cikin yaranka ya zaga tashoshin mota da layin abinci da shagunan teloli ya ji ta bakinsu su ma, ku buga mana, don na tabbata suna da nasu ƙorafin a kanmu, masu cin bashi su ɓace da masu taya kaya awa guda su tafi ba su sayi ko allura ba. Limamanmu ma da za su ɗan taɓo wannan a huɗuba ko sau ɗaya, tunda masu faka motar nan a sahun gaba suke zama.

Ita kuwa Hajiya mai wake, in wannan takarda ta kai gare ta ko wani ya karanta mata, ta san kanta. Na rantse ranar Talata ba zan ƙara taka wurinta ba, na yi kwana biyu ina saye a wani wuri, amma gaskiya shitonsu bai kama ƙafar nata ba. Gobe da safe zan koma, sai dai wannan karon da babbar riga zan je.

Naku,
Wani mai karatunku daga Aboabo, Kumasi