Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Walda

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, masu gida da yaran shago.

Babban aikin da kwamiti ya yi bana shi ne zagaye. Mun bi shagunan mambobi daga Ƙofar Ruwa zuwa Sharaɗa da Dakata, tambaya ɗaya muke yi wa duk wanda muka tarar da kan walda a hannu: me ya fi ba ka tsoro a sana'ar nan?

Kusan bakin kowa ɗaya ne, fashewar tankin mai da jan wutar lantarki. Gaskiyarsu ce, domin tankin da aka juye mansa tururin yana nan a ciki, shi ne kuma ke tashi da mutum. Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne cutar da ke cin jiki a hankali, wadda ba wanda ya lissafa ta a matsayin haɗari. Yaro ya wuni yana walda da baƙin gilashin da ake sayarwa a bakin titi, da dare idonsa ya yi kamar an zuba yashi, maigida ya ce ai kowa da haka ya koya. Wannan ƙuna ce daga hasken walda, gilashin kwalliya ba ya tare ta.

Hayaƙi ma haka. Wanda ya yi aikin fayif mai rufin zinki yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki, washegari ya sayi maganin maleriya a kemis. Da yawa sun ce mana suna shan madara don ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu yake sauka. Ni ma, in faɗi gaskiya, na shekara da shekaru ina shan ta da wannan niyya.

A kan haka muka yi zaman faɗakarwa ranar 28 ga Afrilu, ranar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware don lafiyar ma'aikata. An nuna fuskar walda ta gaskiya, wato garkuwar da ke kare fuska da ido daga hasken walda, an kuma amince kada a ƙara ba sabon yaro aiki ba tare da ita ba. Wasu shagunan sun cika alkawari, wasu har yanzu fuska ɗaya ce ake karɓa-karɓa.

Maganar diyya ba mu yi nisa ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, amma yawancinmu ba albashi muke biya ba, sallama ce ta kullum. Kwamiti zai nemi zama da ofishinsu na Kano don jin matsayinmu.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata su zo da shi, domin daga ciki za a sayi fuskokin yara.

Sakataren ƙungiya