Barka da Sallah daga Mazara

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ku da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu da layyar da aka yi, ya dawo mana da alhazanmu lafiya, ya maimaita mana ta baɗi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai kewarku da ba ta raguwa.

Bana Allah ya nufa Sallah ta same ni a tudu, domin jirginmu ya shigo tasha ana gyaran inji. A Italiya ba a ba da hutun Sallah, ranar aiki ce kamar kowace rana, shi ya sa aka yi Idi da sassafe don masu zuwa aiki su samu. Yawancin sahun 'yan Tunisiya ne, sai 'yan Maroko da Senegal da Gambiya da Bangaladash, kowa da irin shigarsa. Na sa farin yadin nan da Inna ta aiko mini, har wani dattijo ya tare ni yana shafa aikin wuyan yana tambayar inda aka ɗinka. Yanka kuwa doka ba ta yarda mutum ya kayar da rago a ƙofar gidansa ba, sai a mayanka mai izini inda likitan dabbobi yake dubawa, a je a karɓo naman daga baya. Maƙwabcinmu ɗan Tunisiya ya yi tasa layyar, bayan la'asar sai ga ɗansa da cinya guda da kwanon kuskus. Allah ya saka masa da alheri, ya sa ban ci Sallah da kifi kaɗai ba.

Baba, ga wani abu da na daɗe ina son faɗa muku, na kuma san zai faranta muku rai. Kun tuna lokacin da kuke biya mana farkon Muhtasar, inda Shehu Halilu ya ambaci malamai huɗu da yake dogara da maganarsu, Lahmi da Ibn Yunus da Ibn Rushdi da Maziri? To, asalin dangin Imam Maziri ɗin nan daga garin da nake zaune ne, wato Mazara da ke tsibirin Sisili. Shi kansa a Mahadiyya ta ƙasar Tunisiya ya rayu, ya rasu a shekara ta 536 bayan Hijira, kabarinsa yana Munastir. Limaminmu ne ya faɗa mini, ranar kuwa na kasa barci don mamaki. Ya ƙara da cewa a nan gaɓar ce rundunar Musulmi ta sauka a shekarar 827 ta Miladiyya, ƙarƙashin Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik da kansa. Sama da shekara 200 tsibirin Sisili yana hannun Musulmi. Har yau tsohuwar unguwar garin, wadda suke kira Kasba, lunguna ne matsattsu masu murɗe-murɗe, a cikinsu ƙaramin masallacinmu yake. Masuntan Tunisiya da suka fara zuwa aiki nan tun ƙarshen shekarun 1960 su suka sake raya unguwar, kuma da yawansu mutanen Mahadiyyar nan ne. Tsakanin nan da gaɓar Tunisiya bai kai kilomita 200 ba. In iskar kudu ta taso daga Sahara, sai gari ya yi jawur da ƙura kamar hazon hunturu, sai dai wannan da zafi take zuwa.

Garin ba babba ba ne, mutanensa kusan dubu 50, kuma kusan kowane gida yana da alaƙa da teku. Wani ƙaramin kogi ya ratsa shi ya faɗa cikin Bahar Rum, a bakinsa ƙananan jirage suke jeruwa. Da yamma in ba ni da aiki nakan ɗauki fatsa in tafi kan duwatsun da suka tare igiyar ruwa, in zauna cikin tsofaffin masunta da suka ajiye aiki. Akwai wani tsoho Bature da muka saba, yatsunsa biyu sun lanƙwashe saboda jan igiya tun yana yaro. Shi ya koya mini ɗaura ƙugiya irin tasu, da sa gutsuren sardin yadda ƙananan kifaye ba za su sace shi ba. In ya kama da yawa sai ya zuba rabi a bokitina ba tare da ya ce uffan ba. A bakinsa na koyi yawancin Italiyancin da nake yi, har abokan aiki suna cewa maganata irin ta tsofaffin Sisili ce.

Aikin da nake ci da shi kuwa ba irin wannan ba ne. Jirginmu na ƙarfe ne, babba, jan jatan lande muke nema, wanda garin nan ya yi suna da shi a duniya. Ba a samunsa kusa da gaɓa. Yana zaune can ƙasa cikin laka da duhu, a zurfin da kan kai mita 700, saboda haka sai an yi tafiya mai nisa, kuma in an fita akan yi wata guda ko fiye ba a taka tudu ba. Ana sakin taru da igiyoyin ƙarfe har ya kai ƙasa, jirgi ya yi ta jansa a hankali na awoyi, sannan inji ya naɗo shi. Da an kwance bakin jakar, sai kamu ya zube a kan dandamali, ja kamar garwashi, yana walƙiya ƙarƙashin fitila. Nan take za mu durƙusa mu hau tsinta: manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, a wanke, a jera su a ƙananan kwalaye kai da kai, a tura ɗakin ƙanƙara kafin su yi baƙi. Kafin mu gama an riga an sake sakin tarun, ke nan abin da ya rage na lokaci shi ne na barci da ci da salla. Ba dare ba rana haka ake yi. Ƙahon da ke kan jatan landen yana huda safar hannu, gishiri ya shiga ciwon, in gari ya waye sai ka murza yatsu kafin su miƙe. Sallah ina yin ƙasaru, in igiyar ruwa ta yi ƙarfi in yi ta a zaune. Kyaftin ɗinmu Kirista ne, amma in ya ga na shimfiɗa darduma yakan nuna mini kudu maso gabas da hannu.

Biyan ma ba albashi tsayayye ba ne, rabo ne. In an sayar da kaya sai a cire kuɗin mai da na abinci, abin da ya saura a raba tsakanin mai jirgi da ma'aikata. Tun da man dizal ya yi tsada rabon ya ragu, jirage da yawa an sare su an sayar da ƙarfen, 'ya'yan masunta kuma ba sa son gadon aikin. Wannan ne dalilin da kuke ganin saƙona wani watan da auki, wani watan kaɗan. Akwai kuma lokacin da hukuma take tsayar da jan taru na wasu makonni kowace shekara don kifi ya hayayyafa. Ni ina ganin dokar daidai ce, ko da yake aljihu yana jin jiki, domin tekun da aka kwashe tas ba zai ciyar da kowa ba. In kaka ta yi nakan je tsinkar zaitun a gonakin da ke kusa da mu in cike giɓin.

Inna, ki kwantar da hankalinki game da abinci. Abin da ya fito daga teku halal ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Mai dafa mana abinci a jirgi Musulmi ne, kuma ba a sa alade a tukunyarmu. Na ma yi ƙiba.

Yanzu sai maganar da ta sa na zaɓi rubutu maimakon waya, domin ina son a karanta wa Auta ita a gabanku. Yaya ya gaya mini yana ta tara kuɗi, wai wani ya yi masa alkawarin kai shi Libiya, daga nan ya tsallako. Ni a kan wannan ruwan nake kwana nake tashi, gani kuwa ya kori ji.

Tarunmu ba ya zaɓe, duk abin da ke ƙasan teku yana kwasowa. Yakan fito da tuluna na zamanin Rumawa. A 1998 wani jirgin garin nan ya jawo mutum-mutumin tagulla mai shekaru kusan dubu biyu ko fiye, yana nan an yi masa gidan tarihi, baƙi suna biyan kuɗi su kalla. Amma yakan fito da wasu abubuwan da ba a kai su gidan tarihi. Na tsinci takalmin ƙaramin yaro cikin jatan lande da hannuna. Na ga jaka da aka naɗe da leda aka ɗaure tamau, a ciki akwai hotuna da lambobin waya da ruwa ya wanke. Tsofaffin ma'aikata sun ga abin da ya fi haka, ba sa son faɗa.

Wani dare mun tarar da jirgin roba da injinsa ya mutu, gefe ɗaya ya sace, mutane a cunkushe har wasu ƙafafunsu na cikin ruwa. Kyaftin ya sa aka naɗe taru, ya kira jami'an tsaron gaɓar teku, muka yi ta miƙa musu ruwa da burodi, muna roƙonsu kada su taso gefe ɗaya su kife. Waɗanda suka zauna a tsakiya fatar cinyoyinsu ta saluɓe, saboda fetur in ya gauraya da ruwan gishiri ƙuna yake yi kamar wuta. A cikinsu na ji wani yaro yana salati yana kiran mahaifiyarsa da Hausa. Tsaran Auta ne. Na yi masa magana, ya ɗago ya dube ni, ya fashe da kuka. Waɗannan Allah ya yi da sauran kwanansu. Na ranar 3 ga Oktoban 2013 ba su samu haka ba: mutum 368 suka halaka gaf da tsibirin Lampedusa, suna hangen tudu. A Afrilun 2015 wani jirgin ya kife da mutum 800 ko fiye, 28 kaɗai suka fita da rai. Daga gaɓar Libiya zuwa Lampedusa kusan kilomita 300 ne, masu safarar kuwa cewa suke yi tafiyar 'yan awoyi ce.

Libiyar kanta ko mu masu takardu tsoronta muke yi. Tun 2005 ta ce ruwan da ya kai mil 74 daga gaɓarta nata ne wajen kamun kifi, jatan landen kuma a can ya fi yawa. A watan Satumban 2020 aka kama jirage biyu na garin nan da mutum 18, Italiyawa da 'yan Tunisiya da 'yan Senegal da 'yan Indunusiya, aka tsare su a Bengazi kwana 108, sai da Firaministan Italiya na lokacin, Conte, ya je da kansa aka sako su a Disamba. Waɗannan suna da gwamnati a bayansu, matansu suna zaman dirshan a Roma. Yaron da ba shi da kowa, in aka kulle shi a can, wa zai je dominsa? Ku za a kira a waya a sa ku ji ihunsa, a ce ku sayar da gona.

Ban ce kada ya fito nema ba, ni ma nema ya kawo ni. Gwamnatin Italiya tana fitar da adadin ma'aikatan da za a shigo da su daga waje kowace shekara, noma yana ciki, kamun kifi ma an sa shi. Mai ɗaukar aiki ne yake nema wa mutum izini daga nan, sannan a je ofishin jakadanci a karɓi biza. Hanyar tana da jinkiri, masu nema sun fi guraben yawa, akwai kuma 'yan damfara masu sayar da takardun bogi, don haka kada ya ba kowa ko sisi. Na yi wa mai jirginmu maganarsa, ya ce in an buɗe zai duba. Kafin nan ya yi fasfo, ya riƙe sana'arsa ta gyaran inji da kyau, domin makanike a jirgi ya fi mai tsintar jatan lande rabo. Baba, maganarku yake ji fiye da ta kowa, don Allah ku tsaya a kan wannan.

Kuɗin da na turo ta hannun Yaya na san ragon ya cinye yawancinsu. Abin da ya saura a saya wa Inna maganinta, a ba Gwaggo goron Sallah. In an gama gyara, jibi ko gata za mu fita, kuma can babu sabis, kada ku damu in kun ji ni shiru har wata ya kama. A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da liman, da maƙwabta gaba ɗaya, da yaran gida kowa da sunansa. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, ni da abokan aikina.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
daga Mazara, Sisili