Maganin taurin maɗaurin tsirkiyar mandolin

Malam Edita,

Ƙurar hunturun Damagaram ce ke haɗuwa da tsohon maiko, ta daskare a haƙoran ƙarfen maɗaurai 8 na mandolin (ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, mai kama da jita), wato abubuwan da ake murɗawa don ɗaure tsirkiya, shi ya sa suke tauri. Don Allah makaɗa su daina murɗa su da filaya, kan maɗaurin ne zai fashe.

A sassauta tsirkiyoyin, a goge haƙoran da tsohon buroshi da ɗan kananzir, kada ya taɓa katakon. Sannan a ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak kowanne. Ban da man gyaɗa, danƙo yake yi. Wani lokaci kuma tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagin da take bi ta ciki a saman wuyan mandolin ɗin. A goga fensir a ciki.

In sauya maɗauran za a yi, a auna tukuna: tazarar sandunan da tsirkiya ke naɗewa a kai a na zamani milimita 23 ce, tsofaffi sukan bambanta.

Masu gyaran kayan kiɗa,
Zinder