Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar NAFDAC: A Sa Mana Alamar Da Za Mu Gane A Gaban Leda

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a Kano. Aikina awon jini, gwajin suga da awon yara. Wata dattijuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta zo ranar Talata jininta ya kai 170 bisa 100, na tambaye ta ko ta rage gishiri kamar yadda muka yi da ita, ta rantse mini ko ƙwaya ba ta ƙara zubawa a miya ba. Da na bi ta a hankali, ashe dunƙule shida take marmasawa a tukunyar miyar kuka ɗaya, don ta maye ɗanɗanon gishirin da ta bari. Na ce, "Inna, ai kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Haba 'yar nan, abin da yake da lambar NAFDAC?"

Ban ga laifinta ba. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, hukumarku ta koya wa talaka ya juya kaya ya nemi lamba, ya kuma koya. Sai dai lambar tana shaida ne cewa an yi wa kayan rajista kuma ba jabu ba ne. Ba ta faɗin yawan gishiri ko sukarin da ke ciki. Mutanenmu kuwa sun ɗauke ta a matsayin shaidar cewa abin yana gina jiki.

Na san akwai dokar rubutun jikin kayan abinci ta 2022, kuma ina ganin ɗan jadawalin da ake bugawa a bayan leda. Da Turanci yake, rubutun kamar ƙafar kiyashi. Ba ya cewa gishiri, sodiyam yake cewa, da miligiram, sai mutum ya ninka sau biyu da rabi kafin ya san gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Wa zai tsaya gaban mai tireda yana wannan lissafi, yaro na jan zaninsa? Ƙari a kan haka, mu ɗai-ɗai muke saye: madara 'yar leda da aka yago daga igiya, dunƙule biyar daga cikin roba. Kwalin da aka yi wa bayanin ma ba ya zuwa hannunmu.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan ruwa, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. A Burazil, Farfesa Carlos Monteiro da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo sun fito da tsarin NOVA, wanda ke duba yawan sarrafawar da abinci ya sha. Rukuni huɗu ne. Na farko abinci yadda Allah ya yi shi ko kusa da haka: gero, wake, ƙwai, nono. Na biyu kayan haɗi irin su mai, gishiri da sukari. Na uku abin da aka haɗa daga waɗannan biyun, kamar kifin gwangwani ko gyaɗa mai gishiri. Na huɗu shi ne wanda aka harhaɗa a masana'anta da sinadaran da babu su a madafar kowace mace, na launi, na ƙamshi, na kauri, na hana lalacewa. Nan lemon kwalba yake, da taliyar yara ta minti biyu, da yawancin biskit. A 2019 Kevin Hall ya gwada abin a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka da mutum 20. Mako biyu suna cin irin na rukuni na huɗu, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya cikinsa. A makonnin na masana'anta sun riƙa ƙara kusan kalori 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda.

Ina son NOVA domin tambayarsa irin wadda kakanninmu za su yi ce: da me aka yi wannan? Amma yana da makanta. Madarar gyaɗar da muke ba yaran da tamowa ta kama, a ma'auninsa rukuni na huɗu za ta faɗa, alhali na ga yaron da ya dawo daga bakin kabari da ita. Duk dokar da za a yi, sai an ware irin wannan.

Faransa kuma tun 2017 take da Nutri-Score, maki daga A mai kore zuwa E mai ja, gwargwadon abin da ke cikin giram 100. Roƙona kada a kwaso mana shi. Na farko, ganin dama ne, kamfanin da ya san E zai samu sai ya ƙi bugawa. Na biyu, da cimar Turai aka auna shi, can ɗin ma Italiya ta yi ta ƙorafi kan makin da aka ba man zaitun da cukunta. A nan manjanmu zai faɗi ƙasa saboda kitse, lemon da aka sa wa zaƙin roba ya hau kansa. Ita kuma Inna, A da E duk zane ne a wurinta.

Hanyar Chile ce ta kwanta mini. Tun 2016, duk abin da sukarinsa, gishirinsa, daskararren kitsensa ko kalorinsa ya wuce iyaka, dole a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaba. Mai tambarin ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallarsa da zanen 'yar tsana don jan yara. Kamfanoni da dama sun rage sukari da gishiri da kansu don gudun tambarin. Meziko ta bi sahu a 2020, har ta tanadi ƙaramin tambari mai lambar da ke nuna yawan gargaɗin saboda ƙananan ledoji, wanda shi ne daidai da kasuwarmu.

Kada wani ya ce miki mutanenmu ba za su gane alama ba. Hoton idon nan da ake sawa a jikin mai da fulawa da sukari masu bitamin A, matan da ke zuwa awo sun san shi sarai. Abin dariyar ma, wata ta taɓa gaya mini tana ƙara wa yaranta sukari a koko saboda yana gyara ido. Alamar yabo ta shiga, saura ta gargaɗi.

Don haka, ranki ya daɗe, a wajabta tambarin gargaɗi a gaban kowace leda, har wadda ake sayarwa naira hamsin. A auna da giram 100, kada a bar wa kamfani ya yanke abin da yake kira "cin mutum ɗaya", domin ta nan ake ɓoye yawa. A sa hoto tare da rubutu, cokali cike da sukari ko ɗan tsibin gishiri, a kuma gwada hoton a kasuwar Kurmi da Bodija ta Ibadan da Onica kafin a sa hannu. Garin madarar da aka cire wa mansa aka maye da man itatuwa a rubuta hakan ɓaro-ɓaro, mai shayi da uwar yaye su san abin da suke saye. A fara da abincin jarirai, tunda a Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta nuna ana ƙara sukari a wanda ake kawo wa ƙasashe irin namu, irinsa na Turai kuwa babu. Masu zoɓo da kunun aya na unguwa a ƙyale su tukuna, ba su ne ke cika kantuna ba.

Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo da aka sa a dokar kuɗi ta 2021 tsadar rayuwa ta riga ta haɗiye shi, mai saye bai ma san da shi ba. Amma hukumar da ta iya taƙaita kitsen tirans, wani kitse mai cutar da zuciya, zuwa giram 2 cikin 100 a dokar man girki ta 2022, wannan ba zai gagare ta ba.

Inna za ta dawo awo bayan mako biyu. Mun yi da ita za ta koma dunƙule biyu, ta cike da daddawa da citta. Ta amince, amma ta ce in tambayo mata ku dalilin da ya sa ba ku faɗa ba tun farko. Ga shi na isar.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Taki,
Wata ma'aikaciyar lafiya daga Kano.