Game da shirinku kan bidiyon 'yan maɗigo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na ran Lahadi inda anka yi zancen masu fasaha na waje da ke nuna rayuwar 'yan maɗigo ta hanyar bidiyo, to wallahi masu bugo waya sun ban mamaki, kowa sai tsinuwa amma ba wanda ya tsaya ya ji mi ake magana a kai, wani ma cewa ya yi fim ɗin batsa ne. Ni malamar zane ce, bari in ɗan gyara. Ba fim ba ne irin na Kannywood da za ka zauna ka bi labari. Ɗaki ake rufewa ya yi duhu, a kafa majigi biyu ko ukku suna haska bango, hoton na ta juyawa ba farko ba ƙarshe, ka shiga ka tsaya, in ka gaji ka fita. Sau da yawa fuska ce kawai, mace na kallonka tana faɗin yadda gidansu sunka kore ta.

A Afirka ta Kudu tun 2006 Zanele Muholi ke ɗaukar hotunan fuskokin irin waɗannan mata, don ana kashe su ana yi musu fyaɗe duk da dokar ƙasar ta yarda da aurensu. Mu nan Sakkwato ko ba a faɗi ba, akwai shari'a tun 2000, ga dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ɗaurin shekara 14. Ba mai kafa wannan majigin a unguwar Mabera.

Ban rubuto don in ba da fatawa ba, malamai na nan. Abin da ya hana ni barci wata ɗalibata ce a makarantar kwana, yarinya mai hannun zane, wadda anka ce 'yar maɗigo ce don kawai an gan ta kwance gado ɗaya da ƙawarta lokacin sanyin hunturu, bargo ɗaya gare su. Ba shaida ba komi. Sati bai zagayo ba babanta ya zo da mashin ya ɗauke ta, akwatinta ma a baya anka aika. Bara na gan ta Tsohuwar Kasuwa da goyo, ta sunkuyar da kai ta wuce kamar ba ta san ni ba.

Don Allah shiri na gaba ku gayyato malami ya yi mana bayanin ƙazafi da bin diddigin asirin mutane, ku ba shi minti talatin cur, kar ku yanke shi da talla.

Taku,
Wata malama daga Arkilla, Sakkwato