Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi: a fito da binciken masana tattalin arzikinmu fili

Mai girma Minista,

Muna gaishe ka daga Maradi. Mu malamai ne masu bibiyar harkar kasuwa da farashi, kuma maganarmu kan yadda ake auna aikin masanin tattalin arziki ce.

A 2010 wata masaniya Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta wallafa bincike kan kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don kawai ya ji nawa tiya take. Har yau ana kafa hujja da aikin nan a duniya, kuma ta cancanta. Sai dai kasuwannin namu ne, kuma ɗalibanmu na Yamai da Tawa da Maradi suna rubutu a kansu kowace shekara. Ina nasu yake? Da yawa yana cikin kabad, an ɗaure shi da bango mai kyau, ƙura na ci.

Ga yadda awon yake. Akwai ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: mai h 10 shi ne wanda ke da maƙala goma, kowacce an ambace ta aƙalla sau goma a ayyukan wasu. Google Scholar da Scopus da RePEc, shafukan intanet masu tattara ayyukan bincike, duk suna lissafa shi, amma abin da na'urarsu ta gani kaɗai suke ƙirgawa. Nan muke faɗuwa. Kundin da ba a ɗora a intanet ba, a wurinsu babu shi. Mujallun Faransanci kaɗan ne ke cikin Scopus. Sunayenmu ma na cutar mu: mutum guda ya sa hannu yau da Mahamane, gobe da Mahaman, jibi ya gabatar da sunan mahaifi, sai na'ura ta raba shi uku, kowanne da ɗan guntun lissafi.

Ga kuma jinkiri. Babbar mujallar tattalin arziki kan riƙe maƙala shekara guda ko biyu kafin ta fito. Malamin da ke sauri ya cika takardunsa na CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, don ƙarin girma sai ya faɗa hannun mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu ba tare da wani masani ya duba ba. Kuɗi sun tafi, suna ya ɓaci, ba mai ambaton aikin.

Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi da yawa. Kowace jami'a ta buɗe rumbun intanet, kuma kada a miƙa wa ɗalibi takardar shaidar digiri sai kundinsa ya shiga ciki, da taƙaitawa cikin Faransanci da Ingilishi. Kowane malami ya yanki lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, lambobi 16, ita ke haɗa sunayen nan wuri guda. Sassan tattalin arziki su yi rajista da RePEc, su riƙa fitar da aiki tun yana daftari, kamar yadda masana fannin ke yi ko'ina, kafin mujalla ta gama jan ƙafa.

Mafi nauyi shi ne alƙaluma. A yi yarjejeniya da INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da SIMA, mai tattara farashin kasuwannin amfanin gona, mai bincike ya samu farashin kasuwanni a fayil ɗin da zai iya lissafi da shi, ba hoton takarda ba. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo baya a 2023, sun taɓa farashin wake da gero da canjin naira daga Ɗan Isa har Dakoro. Wanda ke zaune Maradi ya fi kowa damar auna wannan, in an ba shi lambobin.

Sannan a wajen ƙarin girma, a ba da maki ga wanda ya mayar da bincikensa shafi biyu don hukumomin jiha, ko ya bayyana shi da Hausa a rediyo, manomin Tasawa ya ji lokacin da ya fi dacewa ya fitar da wakensa.

Allah ya taya ka riƙo.

Wasu malaman tattalin arziki, Maradi